An zuƙe wa Baba mugunya a hanta ba a yanka shi ba, ga yadda na ga aikinsu

Sati biyu cur muna fama da Baba, zazzaɓi da rawar ɗari sai ciwo a ƙasan haƙarƙarinsa na dama har yana harbawa kafaɗa, wannan kemis ya ce maleriya ce wancan ya ce taifot, ba irin allurar da bai sha ba. Sai da muka kai shi wani asibitin koyarwa aka yi sikanin, likita ya ce mugunya ce ta taru a hanta, ƙwayoyin bakteriya ne, kuma wai masu ciwon suga irin Baba sun fi kamuwa. Faɗinta ya kai santimita 8, ya ce in ta wuce 5 magani kaɗai ba lallai ya cinye ta ba sai an zuƙe.

Ni dai da na ji zuƙa na ɗauka fiɗa ce, ashe ko kusa. Sun fara gwada jininsa su ga ko yana daskarewa daidai, suka yi masa allurar kashe zafi a wajen, idonsa biyu, likitan na kallon allon sikanin yana tura wata siririyar roba ta fata har cikin hantar, aka haɗa ta da jaka. Ko awa ba a yi ba. Abin da ya fito kam sai wanda ya gani, suka ɗibi kaɗan aka kai lab, wata ƙwayar bakteriya mai suna Klebsiella aka samu. Kwana biyu zazzaɓin ya sauka, mutumin da ko kunu ba ya iya sha sai ga shi yana neman tuwo.

Likitan nan Allah ya saka masa, da Hausa ya zaunar da Baba ya yi masa bayani, ba faɗa ba gaggawa. Inda suka ɓata min rai shi ne robar ma sai mu muka fita waje muka sayo, muka yi yini muna yawo, sannan da daddare wanke robar da ruwan gishiri sai ka bi nas kana roƙo, rana ɗaya har ta toshe.

Kwana 9 aka cire bayan an sake sikanin. Ceftriaxone da Flagyl ya sha ta jijiya, yanzu an mai da shi na haɗiya, wajen sati shida gaba ɗaya in ji su. Tauraro huɗu cikin biyar na ba asibitin, ɗayan yana wajen masu aikin dare.