Madubin hangen nesa 7x50 mai kamfas a aikin lura da wel mai doro

Tsakanin Agusta da Oktoba ne aka fi ganin wel mai doro, wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, a tekun Ghana, bayan ya taso daga ruwan Antatika. Duk mai fita daga Tema ko Jamestown a kwale-kwale don lura da halayensa, madubi 7x50 ne ya fi dacewa da shi. Bakwai ɗin na nufin yana kusanto da abu sau bakwai, hamsin kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita.

Masu saye a Accra kan kwaɗaitu da mai sau 10 ko 12. Kuskure ne. A kan igiyar ruwa, iya ƙarfin madubi iya rawar hotonsa, kuma feshin numfashin wel, wanda kan tashi kusan mita 3, daƙiƙu kaɗan yake yi iska ta watsa shi. Kafin mai sau 12 ya daidaita hannu, an wuce wurin. Shi 7x50 yana buɗe fili kusan digiri 7, kuma yana da haske da sassafe ko ranar hadari. Da shi ake ƙirga numfashi kafin nutso, a ga ɗa manne da gefen uwa, a ga dukan ruwa da fiffiken da kan kai mita 5. Cin abinci dai kada a sa rai sosai: barbara da haihuwa ke kawo shi nan, ƙananan jatan landen da yake ci suna can kudu.

Inda matsala take shi ne kamfas, abin nuna alƙibla da ke cikin madubin. Ana daidaita shi ne da yankin da za a yi amfani da shi, don haka na hannu da aka shigo da shi daga Turai yakan karkace a nan har ya maƙale. A gwada tun a shago: a ɗaga shi daidai ido, a juya a hankali zagaye guda. In lambobin suka cije, a ajiye. A cikin jirgi kuma a nisanta shi da inji, ƙarfe na ruɗa shi.

Layukan auna nisa da ke cikin madubin ba su da amfani sosai a kwale-kwale, saboda ido bai wuce mita 2 daga ruwa ba. Sai a babban jirgi.

A tabbatar madubin ba ya shan ruwa, a sa masa igiyar wuya mai yawo a kan ruwa. In an dawo, a ɗauraye shi da ruwan famfo kafin a goge. Goge gishiri da bakin riga yana karce gilashi. Kada a rufe shi a jaka da danshi, laimar Accra na sa fumfuna ta kama gilashin.

Madubin ba ya maye gurbin kyamara. Zanen ƙasan wutsiya, da shi ake bambance wel ɗaya da wani, sai da hoto, kuma daga nisan mita 100 ko fiye.