Rumfar gwanjo a Ƙofar Wambai da rigunan mawaƙan fawa metal

Shekara huɗu ke nan ina zuwa wata rumfar gwanjo a Kasuwar Ƙofar Wambai, can cikin layin masu ti-shat. Ba ta da allon suna. Wani dattijo ne mai ita, shi da yaransa biyu, kuma abin da ke kai ni wurinsa guda ɗaya ne: a duk Kano, dilarsa ce na fi samun rigunan mawaƙan fawa metal a ciki.

Ga wanda bai san kiɗan ba, wani reshe ne na kiɗan Turawa mai jita da ganguna, mai tsananin sauri, mawaƙin yana ɗaga murya sama yana ba da labarin yaƙi ko jarumta ko tatsuniya. Ni a shagon gem na Zoo Road na fara jin sa, wajen 2008, lokacin da yara ke layi a kan Guitar Hero III. Waƙar da ta gagari kowa a wasan ta DragonForce ce, 'yan Landan. Daga nan na bi sawu har na kai ga Helloween na Hamburg, waɗanda suka kafu a 1984 kuma ake ɗauka su ne suka aza harsashin abin, sai Blind Guardian, da Stratovarius na Finlan, da HammerFall na Suwidin.

Ranar da na fara tsayawa a rumfar, singileti na je nema. Ina juya kaya sai ga baƙar riga da hoton kabewa mai idanu, tambarin Helloween. Na juya bayanta, ga jerin birane da ranaku tun daga kafaɗa har ƙugu. Na ce, “Baba, wannan nawa?” Ya ce, “Kawo dubu ɗaya da ɗari biyar, ɗana. Baƙaƙen nan masu zane ba su cika tafiya ba.” Tun daga ranar, in zai fasa dila sai ya sa yaronsa ya kira ni.

Yanzu ina da goma sha ɗaya. Yawancinsu auduga ce mai kauri, a wuya za ka ga Gildan ko Fruit of the Loom, wanki ba ya sa su saki. Warin maganin dila yana da ƙarfi, sai ka jiƙa riga ta kwana, ka shanya ta a inuwa bayan ka juya cikinta waje, domin ranar Kano tana fasa zanen. Babu wurin gwaji, sai dai ka kara a ƙirji. Girman Turawa ne, abin da suka rubuta L mu a nan ya kai babba sosai. Kuma a kula, a 'yan watannin nan ana cakuɗa sababbin bugu na kasuwa a cikin tulin, masu laushi kamar leda, gaba da zane baya fayau. Na nuna wa Baba, ya ce daga sama ake haɗo masa su, kuma tun lokacin yana ware su gefe da farashinsu daban. Wannan ya ƙara masa daraja a idona. Inda nake da ƙorafi shi ne kuɗi: daga dubu ɗaya da rabi mun kai dubu biyar, wani lokacin shida. Na san canjin dala ya taɓa kowace dila a kasuwar, amma na kuma lura cewa baƙaƙen sun fi sauran tashi tun da aka gane akwai masu nemansu.

Abin da ya sa nake ganin ko dubu shidan ba asara ba ce, sanin abin da rigar take nufi ga masu ita. Makaɗinmu na gargajiya ba da kuɗin kaset ya rayu ba, da liƙi ya rayu, da kyautar da ake masa a fagen biki. To mawaƙan nan ma haka abin ya koma. Faifai ya daina sayuwa kamar da, Spotify kuma abin da yake biya a kan sauraro ɗaya bai kai santi guda na dala ba. Saura rangadi, gari zuwa gari. Rangadin kuwa cin kuɗi gare shi: hayar doguwar bas mai gadaje da suke kwana a ciki, tirelar kaya, direbobi, masu haɗa sauti da fitilu, kowa da albashinsa ko zaure ya cika ko bai cika ba. Kuɗin tikiti kafin ya iso hannun mawaƙa ya bi ta hannun mai zaure da mai shirya wasa da dillali. Teburin riguna da ke bakin ƙofa shi ne liƙinsu. Wani abokina da ke karatu a Jamus ya ce yuro 35 zuwa 40 ake sayar da guda a wurin wasa, kuma ko a nan ɗin wasu zaurukan sai sun yanki kasonsu, har kashi 25 cikin ɗari. Duk rigar da na ɗaga a Wambai, wani ya taɓa biyan cikakken kuɗinta a daren wasa, kuɗin ya shiga tankin bas ya kai su gari na gaba.

Bayan korona abin ya ƙara tsanani. Kusan shekara biyu, 2020 da 2021, babu wasa. Da aka buɗe, dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022, ma'aikata da yawa sun kama wata sana'ar. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta sa duk mai tsallakawa da kayan kiɗa sai ya yi takardun kwastan. A Afrilun 2024 Amurka ta ƙara kuɗin neman bizar masu wasa, wanda a da dala 460 ne. Mai cika babban fili zai shanye wannan. Mai tara mutum ɗari biyar a dare, shi ne ke zama ya yi lissafi ya ga gara ya haƙura. Shi ya sa a sababbin riguna kake yawan ganin sunaye biyu ko uku a haɗe, kamar yadda Helloween da HammerFall suka yi rangadi tare a 2022 da 2023. Tafiya ɗaya, masoyan gida biyu.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a rumfar nan shi ne yadda tulin kayan yake nuna wanda tauraronsa ke haskawa. Dila tana zuwa mana a makare, sai riga ta yi shekaru a jikin mai ita kafin ya bayar. A shekarata ta farko, tsofaffin gidaje nake samu, Stratovarius da Blind Guardian, zanen duk ya koɗe. Yanzu in Baba ya fasa dila aka samu uku, biyu na Sabaton ne. Su 'yan Falun ne, wani ƙaramin gari a Suwidin, sun fara a 1999, waƙoƙinsu kusan duk tarihin yaƙe-yaƙe ne, har tankar yaƙi suke girkewa a dandamali mai ganga ya zauna a kai. A 2009 su ne ke share wa HammerFall fage a rangadin Turai. Shekara goma bayan haka, a 2019, HammerFall ne ke share musu fage a Amurka. A shekarar ce kuma Sabaton suka zama manyan baƙi a bikin Wacken na arewacin Jamus, wanda ake yi tun 1990. Ina da rigar HammerFall da ta Sabaton rataye a ƙusa ɗaya, kuma duk lokacin da na kalle su sai wannan juyin ya faɗo mini.

A ra'ayina ba wai sun fi na gabansu iya kiɗa ba ne. Wajen sarrafa jita da tsara waƙa, Blind Guardian sun yi musu nisa, kuma zan faɗi haka a gaban kowa. Abin da Sabaton suka gane shi ne kasuwa. Mai kaɗa musu jitar bes, Pär Sundström, shi ne manajansu, ba su miƙa ragamar ga wani ba. Sun yi bikinsu na kansu a Falun, suna da wasan cikin jirgin ruwa, suna da tashar tarihi a YouTube da ke jawo yaran da ba ruwansu da kiɗan a da. Amshinsu gajere ne, wanda bai taɓa ji ba zai kama a karo na biyu. DragonForce da suka jawo ni cikin harkar, waɗanda Sabaton suka taɓa share wa fage, sau ɗaya tak na ga rigarsu a nan.

Tsofaffin ma ba su kwanta ba. Helloween sun dawo da Michael Kiske da Kai Hansen a 2017, suka zama mutum bakwai a dandamali, zaurukan da suke cikawa suka ƙaru, faifansu na 2021 ya hau na ɗaya a Jamus. Rigata ta farko ta rangadin da suka yi bayan dawowar nan ce.

Akwai na Powerwolf da yawa, su ma Jamusawa ne daga Saarbrücken kuma suna tashe, amma ba na ɗauka. Zanensu cike yake da gicciye da kyarkeci cikin kayan limaman coci, ba abin da zan sa a jikina ba ne. Ko sauran ma a gida nake sawa ko wurin ƙwallo, ba na shiga masallaci da mai hoto. Na yi wa Baba bayanin abin da ke jikin wasu, ya ce, “Allah ya yi maka albarka, da ban sani ba,” yanzu yakan gaya wa mai saye kafin ya biya.

Na zauna wata rana na karanta bayan rigunan goma sha ɗayan nan gaba ɗaya. Hamburg, Milan, Madrid, Tokyo, Sao Paulo, Santiago. Babu birnin Afirka ko ɗaya a cikinsu, kuma da lissafin bas da biza da na zayyana, na san dalili. Mu nan ta hanyar dila suke iso mana.

Mai son zuwa ya yi sammako ranar da ake fasa kaya, kafin masu sari su tsince na kirki. Ya zo da tsabar kuɗi ko ya yi tiransifa, duka ana karɓa, kuma a yi ciniki, Baba yana ragi in ka ɗauki biyu. Jiya yaronsa ya turo mini hoton wata ta Blind Guardian a WhatsApp, hannunta ɗaya ya ɗan farke. Na ce a ajiye mini, akwai tela a bakin layin, Asabar zan shigo.