Ma'aunin tazara na Forster: me yake ganowa idan kwanson harsashi ya tsage?

Kamfanin Forster da ke Lanark a jihar Illinois ta Amurka yana ƙera wasu guntayen ƙarafa masu siffar harsashi, a rubuce a jikinsu GO, NO-GO da FIELD. Aikinsu ɗaya ne, auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakatar bindiga da wurin da harsashi ke tokarewa a mazauninsa. GO shi ne mafi ƙarancin tazarar da aka yarda da ita, NO-GO iyakar da ake so, FIELD kuma iyaka ta ƙarshe. A bindiga mai cin harsashin .308 Winchester, GO inci 1.630 ne, NO-GO 1.634, FIELD kuma 1.638. Tsakanin na farko da na biyu kaurin fallen takarda ne kawai, amma ɗan ƙari a kan iyakar na iya jawo hatsari. Saiti ɗaya yana yi wa bindigogi masu cin .243 Winchester da 7mm-08 aiki su ma.

Idan tazarar ta wuce ƙima, lokacin harbi gaban kwanson yana manne wa bangon mazauni, gindinsa kuma ya ja baya har ya daki sakata. Tagullar sai ta miƙe, ta sirance kaɗan sama da gindi. Alamar farko zobe ne mai sheƙi da ya zagaye wurin. Gaba kaɗan kwanson ya rabe biyu, iskar albarushi mai zafi, wadda matsinta a .308 kan kai fam 62,000 a kan murabba'in inci, ta nufo fuskar mai harbi. Wannan tsagewar ce ke raunata ido, kuma ita ce ma'aunin ke taimakawa a kai.

Amfani da shi ba wuya. A tabbatar babu harsashi, a goge mazaunin tas, a cire ƙugiyar zaro kwanso da allurar harbi daga sakata don kada su ruɗi hannu. A saka GO, ya kamata sakata ta rufe cikin sauƙi. A saka NO-GO, a tura sakata da ɗan yatsa kawai, bai kamata ta rufe ba. Kada a matsa da ƙarfi. Ƙarfen ma'aunin yana da tauri, zai iya ɓata mazaunin, ya kuma ba da sakamakon ƙarya. Tsohuwar bindiga da ta rufe a kan NO-GO tana buƙatar sa ido. Wadda ta rufe a kan FIELD a ajiye ta, sai maƙerin bindiga ya duba.

Inda ma'aunin ya gaza shi ne tsagewar wuyan kwanso. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya, kuma duk harbi da sake matsewa yana ƙara mata tauri har ta dare a tsaye. Masu sake ɗura harsashi suna gasa wuyan kaɗai da wuta don ya yi laushi. Ba a taɓa gasa gindi. Amoniya ma tana tsaga ta a ajiye. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga haka a harsasan da suka yi damina a bargar dawakai, kuma a 1921 aka gane amoniyar fitsarin doki ce sanadi. Shi ya sa man goge tagulla mai amoniya bai dace da kwanso ba. Irin wannan tsagewar hatsarinta bai kai na gindi ba, amma kwanson ya gama aiki.

Haka kuma bindiga lafiyayya kan raba kwanso idan mai ɗurawa ya danne kafaɗarsa fiye da kima. Dannewar da ta dace inci 0.002 ce kawai. Bindigar Lee-Enfield mai cin .303 British ma tana iya tsallake gwajin, domin a leɓen gindi ake auna ta, alhali mazauninta yana da yalwa a kafaɗa, kwanso kuma na miƙewa. A nan lanƙwasasshiyar waya ce magani: a zura ta cikin kwanso, idan ta kama wani rami kusa da gindi, a jefar da shi.

Ga mai sayen tsohuwar bindiga a hannun wani, NO-GO da FIELD sun cancanci kuɗinsu. GO ya fi amfani ga wanda ke sauya bututu. A shafa musu mai bayan aiki don tsatsa, kuma a sa tabarau na kariya a duk harbi.