AnyDesk: tana da daɗin aiki, amma ba na barin ta a buɗe

Sana'ata gyaran kwamfuta ce, ina kuma kula da kwamfutocin lissafi na wasu shagunan magani da na kayan masarufi a Kano. AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, na cikin manhajojin da nake buɗewa kusan kullum. Mai shago a Sabon Gari zai kira ya ce firinta ta ƙi fitar da rasit, ni kuma ina Hotoro. Zai karanto mini lambar da ke fuskar manhajar, ya danna amincewa, sai allonsa ya bayyana a gabana, ina juya linzaminsa daga inda nake.

Ta cancanci yabo ta fannin aiki. Ba ta da nauyi, tana tashi ko ba a girka ta ba, kuma tana jure raunin sabis, ko da datar waya aka jona. Wani kamfanin Jamus ne da ke Stuttgart ya fito da ita a 2014.

Tsaro ne ke damuna. A farkon Fabrairun 2024 kamfanin da kansa ya sanar cewa masu kutse sun shiga na'urorin da yake aiki da su. Ya soke hatimin da yake bugawa a kan manhajarsa, wato shaidar da Windows ke dubawa ta gane cewa fayil na kamfanin ne na gaske, ya fitar da sabo. Ya kuma soke kalmomin sirri na masu asusu a shafinsa, ya ce kowa ya sauke sabon samfuri. Ya ce bai ga alamar an taɓa kwamfutocin jama'a ba. Amma hatimi ba abin wasa ba ne, domin duk wanda ya mallake shi zai iya buga shi a kan muguwar manhaja ta wuce ba a tsayar da ita ba. Har yau ina tarar da kwamfutocin shago ɗauke da samfurin da ya girmi 8.0.8, wanda ya zo da sabon hatimin.

Masu cewa a koma TeamViewer, wata manhajar mai aiki iri ɗaya, su tuna cewa a Yunin 2024 kamfaninta shi ma an kutsa cikin na'urorin ofishinsa, ya kuma ɗora alhakin a kan ƙungiyar masu kutse ta APT29 da ake alaƙantawa da Rasha. Buɗe hanyar shiga daga nesa da ke zuwa a cikin Windows kai tsaye ga intanet kuwa ya fi duka haɗari. Ɓarakar tsaro da aka gano a wannan hanyar a 2019, mai suna BlueKeep, ta kai Microsoft ga fitar da gyara har ga Windows XP da ta daɗe da daina kulawa da ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana cikin shagunanmu. AnyDesk na ba da damar sa kalmar sirri ta dindindin, a shiga kwamfuta ba tare da kowa ya danna amincewa ba. Mai gyara zai sa lambar wayarsa a matsayin kalmar, ya yi amfani da ita a duk shagunan da yake wa aiki, daga baya su rabu da mai shago, mabuɗin na hannunsa. A wannan kwamfutar ake ajiye lissafin bashi, a nan ake shiga asusun banki. Alhaji bai ma san akwai ƙofar ba. Ga kuma 'yan damfara da ke kira da sunan ma'aikatan banki su ce a sauke manhajar a karanto musu lamba. Tun 2019 babban bankin Indiya ya yi gargaɗi a kan haka.

Duk inda na karɓi aiki, nakan fara da goge tsohuwar kalmar. In ba dole, ba na sa sabuwa, gara yaron shago ya danna amincewa da hannunsa. In ya zama dole, kowane shago da tasa mai tsawo, in kunna tantancewa ta biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake samu a waya, in sa lambata ta AnyDesk kaɗai a jerin waɗanda aka yarda su shigo, in kashe izinin kwashe fayil.

Duk waɗannan makullai suna cikin manhajar, sai dai wanda ya shiga saiti ya nema ne ke ganinsu. Da kamfanin zai tilasta tantancewa ta biyu ga duk mai son sa kalmar dindindin, da na girka ta a shagon magani hankalina kwance.