Ragon layya: a zagaye kasuwa duka, ko a kama wanda ya yi?

Duk gabatowar Sallar layya sai an dame ni da tambaya ɗaya: a zagaye Turaku da sauran kasuwannin dabbobin Yamai har a samo ragon da ya fi, ko a kama na farkon da ya cika sharaɗi?

Wajen kuɗi, mai zagaye yakan rage 'yan jikkuna, amma kuɗin taksi da yinin da ya sha rana su ma asara ce. Babbar matsalar kuwa ƙwaƙwalwa ce. Kafin ka buɗe bakin rago na goma ka duba haƙora, ka latsa gadon bayansa, farashin na uku ya ɓace maka, dillali kuma ya lura ka gaji. Abin da Herbert Simon, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya nuna ke nan: lokaci, bayani da tunanin mutum duk suna da iyaka, shi ya sa muke tsayawa kan abin da ya wadatar.

Mai saurin tsayawa ma yana da nasa haɗari: in bai san farashin ranar ba, sai a ɗora masa.

Zagaye ya fi dacewa da mai sayen raguna da yawa ko mai kiwo. Ma'aikacin da ke neman lafiyayyen rago ɗaya, gara ya yanke iyakar kuɗinsa tun daga gida, ya taya wuri biyu ko uku, ya saya.