Kafin ka sayi fili a dajin Mishigan don farautar barewa

Ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar Mishigan ta Amurka, a rufe ranar 30. Kwana biyu kafin buɗewar, in ka tsaya a bakin gadar Mackinac za ka ga motoci a jere suna haurawa arewa, kowace da tirela a baya, an loda tukunyar gas da gatari da buhunan masara. Gadar nan mai tsawon mil 5, wadda aka buɗe a 1957, ita ce ta haɗa Mishigan ta Ƙasa da Mishigan ta Sama. Ta Saman ta kwashe kusan kashi uku cikin goma na ƙasar jihar, amma mutanenta 300,000 ne da 'yan kai. Yawancinta daji ne da fadama da tafkuna. A wasu garuruwan can har makarantu ake rufewa ranar buɗe farauta.

Duk wanda ya taɓa kwana a wannan dajin, ya tashi da asuba ya ji shirun da babu irinsa a birni, sai ransa ya fara raya masa ya mallaki nasa wurin, ya kafa ɗan gidan katako. Haka ya faru da ni, kuma 'yan uwanmu mazauna Amurka suna yawan tambayata ina ya kamata su nema. Amsata kullum ɗaya ce: kada yawan eka ya ruɗe ka. Abu biyu kake saye, hanyar shiga da irin sanyin wurin. In waɗannan sun yi, sauran mai sauƙi ne.

Arewa, kudu, ko kafin gada

Fili mafi araha yana arewacin Mishigan ta Sama, wajen ƙananan hukumomin Keweenaw, Houghton, Baraga, Alger da Luce. Dajin yana da kyau, babu ƙarya, kuma sai ka yi wuni ba ka ga mutum ba. Amma arahar tana da dalili. Iskar da ke ratsa tafkin Superior tana kwaso ruwa ta juye shi dusar ƙanƙara a wannan gefen. A Keweenaw abin yakan haura inci 200 a shekara, wato mita 5, kuma a hunturun 1978 zuwa 1979 ya kai inci 390. Barewa ba ta iya rayuwa a cikin wannan. Da zarar dusa ta fara kai mata ciki sai ta kama hanya, ta yi tafiyar mil da yawa zuwa fadamun itacen sida, wata bishiya mai ganye kore duk shekara, inda rassan ke tare dusa kamar rumfa kuma ganyen ya zama abinci. A can suke cunkushewa har bazara. In sanyi ya daɗe, 'ya'yan shekara su ke fara mutuwa, matan kuma su haifi marasa ƙarfi. Hunturun 1995 zuwa 1996 da na 2013 zuwa 2014 sun yi wa barewar yankin mummunar ɓarna, kuma kowane lokaci sai an ɗauki shekaru kafin su farfaɗo. Shi ya sa hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar takan taƙaita harbin mata a wannan ɓangaren, wani lokaci ta hana baki ɗaya.

Za ka ji mutanen gari suna ɗora laifin duka a kan kyarketai. Suna nan kam, ƙidayar 2024 ta samu fiye da 700 a Mishigan ta Sama, kuma barewa ce abincinsu. Amma a ganina dusa ta fi kyarkeci yanke hukunci. Ana iya yin shekarar da dusa za ta sauko da wuri, barewar filinka su tashi kafin ka gama mako na farko. Wanda ke son shiru da kaɗaici, ya kuma yarda zai iya yin kwana biyar bai ga komai ba, arewa tasa ce. Wanda ke son nama a firiza, ya duba kudu.

Kudancin Mishigan ta Sama, wato ƙananan hukumomin Menominee, Delta da Dickinson, wata duniya ce daban. Dusar garin Escanaba ba ta fi kashi ɗaya cikin huɗu na ta Keweenaw ba. Akwai gonakin masara da na ciyawar shanu a bakin daji, kuma barewa dabbar bakin daji ce: ta ci a gona da dare, ta kwanta a duhuwa da rana. Nan ne aka fi samun su, nan ne kuma fili ya fi tsada, saboda mutanen jihar Wiskonsin da ke maƙwabtaka ma suna tsallakowa saye. Filayen gwamnati ba su kai na arewa yawa ba, don haka maƙwabta sun fi matsowa kusa. An taɓa samun cutar da ke cinye ƙwaƙwalwar barewa a Dickinson a 2018, a dabba guda. Wani ɗan abu da ya shafi mai salla: Menominee, Dickinson, Iron da Gogebic agogonsu yana bayan na Detroit da awa ɗaya, sai ka lura da lokutan da wayarka ke ba ka.

Na uku shi ne arewacin Mishigan ta Ƙasa, kafin ka kai gada. Babbar fa'idarsa kusanci. Daga Detroit zuwa gada awa huɗu da rabi ne, Escanaba kuma sai ka ƙara awa biyu da rabi, garin Ironwood a can yamma ta kusa cinye wuni guda. Filin da ke awa uku daga gidanka za ka je shi sau goma a shekara, na awa tara kuwa sau biyu. Sai dai maharba sun yi yawa a nan, an hana zuba wa barewa abinci don jawo ta tun 2019, alhali a Mishigan ta Sama an yarda da galan 2. A gefen gabas kuma, wajen Alpena, Montmorency, Alcona da Oscoda, tarin fuka na shanu yana yawo a cikin barewa tun tsakiyar shekarun 1990. In a can ka saya, kai kan dabbar a gwada kafin iyali su ci.

Eka 40 ko eka 10

A can ana sayar da daji da "arba'in". Eka 40 ke nan, kusan hekta 16, murabba'i mai mita 400 a kowane gefe. Kowa burinsa ya ce yana da arba'in ɗinsa. Amma taka shi ka gani: minti biyar ka ratsa shi daga iyaka zuwa iyaka. Barewar da aka harba takan yi gudu kafin ta faɗi, kuma dokar Mishigan ba ta ba ka damar bin ta cikin filin wani ba sai da izininsa. Arba'in da filayen mutane suka zagaye ta ko'ina ta dogara ne ga halin maƙwabta.

Ɗaya zaɓin shi ne eka 5 ko 10 da ta jingina da dajin gwamnati. Gandun dajin gwamnatin tarayya na Hiawatha da na Ottawa kowannensu ya doshi eka miliyan ɗaya, dazukan jihar kuma sun kusa miliyan 4. Ka kafa gidanka a ɗan filinka, ka buɗe ƙofar baya ka shiga dubban eka ba tare da ka biya harajinsu ba. Illar ita ce ba kai kaɗai ba ne, wata safiya za ka tarar da wani a gindin bishiyar da ka saba zama. Amma yawancin maharba ba sa nisa da inda suka ajiye mota, kai kuma ta bayan daji kake shigowa. Ni wannan na fi so, nesa ba kusa ba.

A kula da wata kalma a bakin dillalai. In sun ce fili ya jingina da dajin da kowa ke shiga, tambayi na wane ne. Akwai fiye da eka miliyan 2 na kamfanonin katako da aka rage musu haraji bisa sharaɗin su bar jama'a su shiga da ƙafa su yi farauta da kamun kifi. Wannan yarjejeniya ce, mai fili yana iya ficewa daga cikinta ya sayar, ka wayi gari ka ga alamar hana shiga a bayan gidanka. Dajin gwamnati ya fi tabbas.

Sannan irin itatuwan. Manyan bishiyoyi masu inuwa, ƙasa fes kamar an share, su ne suka fi kyau a hoto kuma su ne suka fi yunwa, don babu abin da barewa za ta kai baki. Wurin da aka sare shekara biyar ko goma da suka wuce, ya tofo ya yi duhuwar da da ƙyar za ka kutsa, shi ne ɗakin cin abincinta. In ka samu wannan kusa da bakin fadamar sida, ka dace.

Hanya

Filin farko da na kusa saye arba'in ne, kuɗinsa ya yi ƙasa da na kewaye sosai. A watan Agusta dillali ya kai ni, muka sauka daga kwalta muka bi wata 'yar hanya mai sawun taya biyu, ciyawa na goge cikin mota, kusan mil guda. Na tambaye shi hanyar ta wane ce, ya ce kowa nan yake bi tun tuni. Na ba da kafin alƙalami. Da na koma ni kaɗai a ƙarshen Oktoba, sai na tarar da sarƙa da kwaɗo a tsakanin bishiyu biyu, sabuwa fil, ko tsatsa ba ta yi ba. Hanyar ta ratsa filin wani ne, kuma babu layi ɗaya a takardun da ya ba ni haƙƙin wucewa. Na janye, wani ɓangare na kuɗina ya tafi. Araha ba ta ado.

Don haka haƙƙin wucewa ya kasance a rubuce, an yi masa rajista a ofishin takardun fili na ƙaramar hukuma, kuma inshorar mallaka ta ambace shi. Bayan haka ka tambayi hukumar hanyoyi ko suna share dusa a wannan titin. Da yawa daga hanyoyin daji na lokacin zafi ne kawai, daga Nuwamba zuwa Afrilu babu mai taɓa su. Dusa tana iya rufe ka a tsakiyar lokacin farauta, asibiti yana awa guda, waya babu sabis. Ka kuma biya safiyo ya kafa maka duwatsun iyaka, don tsohon shingen waya ba hujja ba ne.

Fili tsura ko mai gida a kai

Tsohon gidan katako yakan fi ginin sabo sauƙin kuɗi, domin ma'aikata sun yi ƙaranci a can kuma kai kaya cikin daji tsada ne. Amma ka duba rufin ko ya lanƙwashe saboda nauyin dusa, ka leƙa ƙarƙashin daɓe, ka sa a duba bututun hayaƙin murhun itace, ka tambayi ko an yi ginin da izini. In fili tsura ne, kafin ka biya ka sa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya gwada ƙasar ko za ta karɓi masai. Da yawa daga filayen masu araha fadama ce, kuma cike fadama ko yanka hanya a cikinta sai da izinin hukumar muhalli ta jihar. Jawo wutar lantarki daga nesa yana iya fin kuɗin filin, shi ya sa yawanci sola da ƙaramin janareta ake yi.

Harajin da mai sayarwa ya nuna maka ba shi za ka biya ba. Tun dokar 1994, in fili ya canza hannu ana sabunta ƙimarsa zuwa rabin farashin kasuwa, kuma tunda ba gidan zamanka ba ne akwai ƙarin dala 18 a kan kowace dala 1,000 ta wannan ƙimar don makarantu. Mai eka 20 zuwa sama yana iya kauce wa wannan ƙarin ta shirin kula da daji na jihar, in ya kawo tsarin da masanin gandun daji ya rubuta, kuma ba sai ya buɗe filin ga jama'a ba. Ka tambayi ma'adinan ƙarƙashin ƙasa ma, don a Mishigan ta Sama, ƙasar tagulla da ƙarfe, sau da yawa an raba su da saman fili tun zamanin kakanni. Bankuna ba sa ɗokin ba da bashi a kan daji, sai mai fili ya ce ka riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Irin wannan yarjejeniya kusan kullum da kuɗin ruwa take zuwa, kuma takardar mallaka tana hannunsa sai ka gama. Ga mai gudun riba, wannan wani dalili ne na zaɓar ƙaramin fili da zai biya lakadan.

Mallakar fili ba ta ɗauke maka lasisi. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari, rigar ruwan lemo dole ce a lokacin bindiga, ba a harbi a ƙasa da ƙafa 450 daga gidan da mutane ke ciki sai da izini a rubuce, kuma tun 2022 sai ka sanar da hukuma cikin awa 72 in ka samu dabba. Wanda ke zaune da biza, ba katin zama na dindindin ba, ya yi hattara ƙwarai: dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da keɓancewa, ɗaya daga ciki ita ce lasisin farauta mai aiki. Ya ga lauya tukuna. Batun halacci kuwa sananne ne a wurinmu, ka yi bismilla lokacin harbi, in ka same ta da rai ka yanka.

Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, yi farautar kaka guda a yankin da kake so. Ana kafa tanti kyauta a dajin jihar, muddin ka cike katin rajista kuma ka yi nisan mil ɗaya daga wurin kafa tanti na gwamnati. Filin da ya kwanta maka kuma, je ka gan shi a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, lokacin da dusa ke narkewa. A lokacin ne na fara taka eka 10 ɗin da na saya daga baya a Delta. Ruwa ya kwanta a kusurwar gabas har idon sawu, na san nan ba wurin gini ba ne. A bakin fadamar kuma ganyen sida duk an cinye shi daidai tsayin kafaɗata, kamar an bi da almakashi, ga kashin barewa tuli-tuli a kan wata siririyar hanya da ta fito daga gandun Hiawatha ta ratsa ta tsakiyar filin.