Lockdep: abin da na gani a mai gadin makullan Linux

Aikina rubuta direban katin sadarwa ne a Linux, wato manhajar da ke sarrafa katin, kuma ba na yarda da direba, nawa ko na wani, sai ya bi ta hannun lockdep, kayan gwajin da ke gano kuskuren kama makulli a cikin Linux.

Inda gizo ke saƙar shi ne layin fakitin bayanan da za a aika. Hannu biyu ne ke taɓa shi: mai zuba fakiti, da mai kwashe waɗanda katin ya gama aikawa. Wani makulli mai suna sifinlok ne ke raba su, don kada su taɓa layin a lokaci ɗaya. Wanda ya tarar an kulle ba ya barci, sai ya yi ta juyi a kan furosesa har a buɗe. To idan ka kulle da spin_lock kawai, katsewa daga katin, wato siginar da ke sa furosesa ta dakatar da aikinta ta saurare shi, ta faɗo wa wannan furosesar tana neman makullin nan, shi ke nan kwamfuta ta sandare. Mai riƙe ba zai ci gaba ba, mai jira ba zai haƙura ba. Irin wannan sarƙewa kan daɗe a ɓoye, sai ranar da cunkoso ya yi yawa.

Ingo Molnar ne ya kawo lockdep, ya shiga Linux 2.6.18 a 2006. Kana kunna zaɓin CONFIG_PROVE_LOCKING wajen haɗa Linux zai fara lura da wane makulli aka kama kafin wane, kuma a wane yanayi. Abin da ya fi burge ni, ba ya jiran sarƙewar ta auku. Ya ga an kama makulli sau ɗaya a cikin katsewa, sau ɗaya kuma ba a toshe katsewa ba, nan take zai yi ƙara, ya nuna maka wuraren biyu. Sai ka koma spin_lock_irqsave, wanda ke toshe katsewa kafin ya kulle. Haka ma zai yi ƙara idan wani wuri ya kama makulli A sannan B, wani ya kama B sannan A.

Yana da nasa aibi. Kwamfuta na yin nauyi, don haka na gwaji ne kawai. Rahotonsa dogo ne, sabon shiga sai ya yi haƙuri. Wanda ya fi damuna, da ya yi ƙara sau ɗaya yake kashe kansa, sai an sake tayar da na'ura. Kuma hanyar da gwajinka bai bi ba, shi ma bai gan ta ba, shi ya sa nake cire wayar katin da sauke direba ana tsakiyar aika fakiti.

Wurin da ba a sa makulli ba sam, wannan aikin KCSAN ne, wani kayan gwajin da ke gano hannu biyu suna taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, sai dai in ka dasa lockdep_assert_held da kanka, mai yin ƙara in an iso wurin ba a riƙe makullin ba. Ni ina dasa shi a duk aikin da ke taɓa layin.